Man da Sajo Bai Sata Ba

Shekara goma sha ɗaya Sajo ya yi yana tuƙa motar Alhaji Balarabe, a-kori-kura mai buɗaɗɗen baya, daga Cadawa zuwa kasuwannin ƙauye. Sajo Bafulatani ne na wajen Sae Sabuwa. Shanunsa sun ƙare a wata muguwar shekara, ya shigo gari ya koyi tuƙi da girmansa, a shekarun da sa'o'insa ke aurar da 'ya'ya. Duk tsawon zamansa da Alhaji ba a taɓa jin ko tiya ɗaya ta aya ta ɓace a hannunsa ba. Kowa a tasha ya san haka. Amma mutane kan manta amanar shekara goma a wuni guda, in dai an ba su abin taunawa.

Alhaji Balarabe ɗan gidan manoma ne na Tibiri, ya zauna Cadawa yana fataucin aya da wake da gero. Ba mugu ba ne. Aibinsa guda: idonsa ba ya jure ganin wuri a bayan mota babu buhu a kai.

Da tsohuwar motar ta gaji, babban ɗansa Haisam ya tafi Kwatano ya sayo wata, fara, mai ƙofa huɗu, har da na'urar sanyi. Ranar da ta iso ya tsaya a ƙofar gida yana shafa ta.

"Baba, wagga ba irin waccan ba ce," in ji shi. "Injin zamani gare ta. Inda waccan ta sha jarka uku, wagga biyu sun ishe ta. Ga shi nan rubuce cikin waya, masu ƙera ta suka faɗa."

Alhaji bai iya karanta boko ba, amma ya duba wayar ya gyaɗa kai. Jarka biyu ta zauna masa a zuciya.

To, a wannan ƙasa ba a sa sabuwar mota hanyar kasuwa yadda ta zo, kamar yadda ba a kai ɗan bijimi gona sai an huda masa hanci. Sai an kai ta wajen mai walda. Washegari Alhaji da kansa ya raka ta garejin Yahuza, wani Babarbare mai baki da ke bayan tasha, ya tsaya a kansa yana nuni da sanda. Aka ƙara mata ƙarafan sifirin a ƙasa don kada ta durƙusa. Aka gina mata kejin ƙarfe a baya wanda ya fi rufinta tsawo. Aka ɗora wata ragar ƙarfe a saman rufin, aka liƙa ƙaton bututu a gaba saboda jakuna da shanun hanya, aka cire tayoyinta aka sa manya masu faɗi, aka rataya biyu na ajiya. Kwana tara tana garejin. Da ta fito kowa ya yaba, aka ce yanzu ta zama mota.

Tsohuwar buhu goma sha biyar take ɗauka da mutane kaɗan a kai. Wannan aka fara mata da ashirin, ta tashi ba ta yi nishi ba. Sai aka mai da shi ashirin da biyar, mutane bisa buhuna, raguna ɗaure a jikin keji.

Aka yi wata uku haka bayan kaka. Duk zuwa kasuwar Gangara da dawowa jarka uku take sha, kamar tsohuwar. Wata rana ma har a ƙara kwalba.

Nan magana ta tashi a tasha. Wani ya ce ya sha ganin motar tsaye a mararraba, kusa da mai sayar da mai a kwalabe. Gaskiya ne tana tsayawa. Akwai rijiya a wurin, nan Sajo ke alwala ya yi azahar tun zamanin tsohuwar mota. Wanda ya ga motar ya ga rijiyar kuma, amma rijiya ba ta da daɗin faɗi. Maganar ta bi baki ta bi baki har ta shiga kunnen Haisam, shi kuwa dama yana jin kunyar alkawarin jarka biyu da ya yi. Ya kai wa ubansa.

Da Alhaji ya kira Sajo zaure su biyu, da abin ya tsaya nan. Bai yi haka ba. A tasha ya tare shi da hantsi, gaban masu lodi da masu shayi da matan da ke jiran mota.

"Sajo, ina son ka faɗa mani gaskiya. Ina man motar nan ke zuwa?"

"Cikinta yake zuwa, Alhaji."

"Masu ƙera ta sun ce jarka biyu. Kai kana zuba uku. Ina ɗayar?"

Sajo ya dubi ƙasa.

"Da kai nake. Mi kake yi a mararraba wajen mai kwalabe?"

Bahaushe a wannan hali zai rantse, ya kira shaidu, ya ɗaga murya har maƙwabta su fito. Sajo ba haka aka rene shi ba. A gidansu mutum ba ya tsayawa gaban jama'a yana wanke kansa daga sata, don amsa irin wannan tambaya kanta zubar da mutunci ce. Ya sa hannu aljihu ya ciro mabuɗin, ya ajiye shi bisa murfin injin a hankali.

"Allah ya sani," in ji shi. Ya ɗauki butarsa da tabarmar sallarsa daga bayan kujera, ya fita tasha da ƙafa.

"Kun gani?" wani mai lodi ya ce. "Bai musa ba."

Haka jahilci yake. Ba su san shirun ba, sai suka fassara shi da abin da ke ransu.

Kasuwar Gangara ta zagayo. Alhaji ya ce shi da kansa zai bi motar, Haisam ya tuƙa, kowa ya ga ƙarshen ƙarya. Ya tsaya aka zuba jarka biyu a gaban idonsa, ya hana a ƙara ko kwalba. Aka loda buhu ashirin da biyar na aya. Da aka gama ya zagaya baya, ya hango wani gurbi kusa da keji.

"Ku sa biyu nan."

"Baba, ta cika," in ji Haisam.

"Ta cika ina? Ai tana iyawa. Don mi na sa aka yi mata ƙarfe?"

Aka sa biyu. Mutane suka hau bisa. Alhaji ya shiga gaba, ya ce a kunna sanyin nan ya ji abin da ake faɗi.

Kan kwalta ta tafi lafiya. Da suka sauka suka kama hanyar rairayi, sai tsayawa ta fara. Wani dattijo da raguna biyu ya ɗaga sanda, Alhaji ya gane shi, tare suka yi maƙwabtakar rumfa shekarun baya. Aka tsaya. Gaba kaɗan mata huɗu da ƙoren nono da ɗaurin itace. Haisam ya so wucewa.

"Tsaya mana! Ka bar iyayenka cikin rana? A ce motar Balarabe ta wuce su?" in ji Alhaji.

Gaba kuma wani mai amalanke da jakinsa ya gurgunce, buhu uku na wake a ƙasa. Shi ma aka kwashe. Ba wanda za a ce bai cancanci a ɗauka ba. Haka hanyar take kowane mako, Alhaji ne dai bai taɓa binta ba tun da ya daina zuwa kasuwa da kansa.

A gangaren wani busasshen rafi motar ta nutse. Haisam ya taka, injin ya yi ruri, tayoyi suka haƙa rami. Ya sake takawa, ta ƙara zama. Aka sauko da mutane, aka tona, aka shimfiɗa rassan sabara, aka tura. Kusan awa guda injin na kuka a wuri ɗaya.

"Ɗan nan, ba nan ake bi ba," in ji dattijon mai raguna. "Sajo ta gefen hagu yake hawa, inda shanu suka taka ƙasa ta yi tauri. Kuma yakan rage iskar taya tun kafin ya sauko."

Alhaji ya yi kamar bai ji ba.

Suka ci kasuwa. Aka sauke aya aka loda gero da akuyoyi, kayan dawowa bai gaza na zuwa ba. Bayan azahar suka juyo. Haisam yana duban allurar mai, yana duban ubansa. Ba su kai ko mararraba ba motar ta yi tari sau biyu ta mutu, a fili, babu inuwa sai wata ƙaramar aduwa.

"Mi ya faru?"

"Mai ya ƙare, Baba."

"Ya ƙare kamar ƙaƙa? Jarka biyu fa!"

"Ya ƙare."

Aka jira har wani mai kabu-kabu ya zo wucewa, aka aike shi mararraba ya sayo mai wajen mai kwalaben nan da aka yi zancensa. Mutane suka zauna ƙarƙashin motar suna fifita da gefen riga. Wata tsohuwa daga cikin masu nono ta dubi Alhaji, ba ta san shi ne mai motar ba.

"Malam, kai ma yau ka faɗa hannun sabon direba? Mu dai shekara nawa muna bin Sajo, bai taɓa shanya mu a daji ba. An ce wai mai motar ya kore shi. Allah ya isa."

"Amin, Inna," in ji Alhaji.

Da safe ya tafi garejin Yahuza da fushinsa. Har yanzu yana neman wanda zai ɗora wa laifi, in ba direba ba to injin. Ya tarar da Yahuza tsugune yana gyara ƙafar amalanke.

"An cuce mu, Yahuza. Injin nan ba shi da lafiya. Ka nemo mani makaniken da zai buɗe shi."

Yahuza bai tashi ba. Ya ɗaga baƙin gilashin walda zuwa goshi.

"Alhaji, barka da asuba. An ce jiya kun sha iska a hanyar Gangara."

"Ban zo wasa ba."

"Ni ma tun ranar da ka kori bawana ban yi wasa ba. Bafulatanin nan da kake gani, kakana ya saye kakansa da ƙoshiyar gishiri. Ni kaɗai ke da ikon zaginsa a garin nan. Kullum in na gan shi sai na ce da shi ɓarawon nono, ya ce da ni bawan Fulani, mu yi dariya. Kai kuwa ka faɗa da gaske."

"Yahuza, zancen inji nake."

"Injin lafiya lau yake. Zo."

Ya miƙe ya ja shi wajen motar. Ya bugi kejin da guduma, ya bugi bututun gaba, ya sunkuya ya nuna sifirin.

"Ni na auna ƙarfen nan kafin in ɗora, don da awo nake saye. Da shi da tayoyin, nauyin buhu shida na gero ne, ko ma fiye. Ko babu kowa cikinta, ko tana tafiya wanki, buhu shida take ɗauke da su. Wa ya tsaya a kaina da sanda yana cewa ƙara nan, ƙara can?"

Alhaji ya kau da kai. Yahuza ya ci gaba.

"Tsohuwar nawa take ɗauka?"

"Sha biyar."

"Wagga fa?"

"Ashirin da biyar."

"Jiya ashirin da bakwai, an faɗa mani. To ka ba ta kayan mota biyu, ta sha man mota ɗaya, kana cewa an cuce ka. Abin da injin ya rage maka kai ka mai da shi buhu. Ba a sace maka mai ba, Alhaji, aya ka saya da shi."

"Amma masu ƙera ta sun rubuta..."

"Sun rubuta, bisa kwalta mai sulɓi, da mutum ɗaya a ciki, babu ko kaza. Sun taɓa zuwa Gangara? Kuma su ma irinka ne, kada ka ga kamar sun fi ka. Shekara ashirin ina shiga ƙarƙashin motocin nan. Duk wadda ta zo ta fi ta bayanta girma. Da ƙofa biyu ce, yanzu huɗu. Da taga ake buɗewa, yanzu sanyi. Injin yana koyon tsimi, su suna ƙara mata jiki da ƙarfi, don sun san mai saye ƙarfi yake tambaya tukuna. Kai da kanka, da Haisam ya kawo maka 'yar ƙarama wadda jarka ɗaya ke isa, ka karɓa?"

"Da na kore shi da ita."

"To."

Yahuza ya sauke gilashinsa ya koma kan amalanke. Alhaji ya daɗe tsaye da hannu bisa kejin. Ƙarfen ya fara zafi da rana, bai ɗauke hannun ba.

Bai shiga motar ba da zai tafi Sae Sabuwa. Motar haya ya hau zuwa Maraɗi, daga nan ya ɗauki kabu-kabu, yana tambaya ruga ruga har aka nuna masa bukkoki uku a gefen wata gona da aka girbe. Matar Sajo, Kadi, tana zaune tana kaɗa nono. Ta san shi. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta amsa gaisuwa duka ba ta rage ko ɗaya ba. Sa'an nan ta koma kan ƙwaryarta.

"Yana nan?" Alhaji ya tambaya.

"Yana rijiya. Shanun mutane yake shayarwa."

"Ya faɗa maki abin da ya faru?"

"Shi ba ya faɗi. A kasuwa na ji, wajen masu sayen nono. Wata ta ce in auna mata da kyau, tunda gidanmu an iya rage awo." Ta ci gaba da kaɗawa. "Shekara goma sha ɗaya, Alhaji. Ranar da aka haifi autarmu yana hanyar Gangara da kayanka."

Alhaji ya ajiye ruwan da aka kawo masa. Ya tashi ya bi sawun shanu zuwa rijiya.

Ya tarar da Sajo yana jan guga, riga ɗaure a ƙugu. Sajo ya gama zuba ruwan cikin kwami tukuna, ya goge hannu, ya zo suka gaisa. Ya tambayi gida, ya tambayi Haisam, ya tambayi kasuwa, kamar jiya suka rabu.

"Sajo, na zalunce ka," in ji Alhaji. "Na bi motar da kaina. Jarka biyu ba ta dawo da mu ko mararraba ba. Ni na ɗora mata ƙarfe, ni na ɗora mata kaya. Ka yafe mani."

"Na yafe, Alhaji. Tun ranar."

"Don mi ba ka faɗa mani ba? Kai ka san dalili."

"Na sani. Takarkari in ka ƙara mashi kaya sai ka ƙara mashi harawa, wannan ko yaro ya sani. Da ka tambaye ni mi ya sa take sha, da na faɗa. Amma ba haka ka tambaya ba. Ina na kai ɗayar, ka ce."

Alhaji ya ciro mabuɗin ya miƙa masa. Sajo ya dube shi bai karɓa ba.

"Nan daga ni sai kai sai shanu," in ji shi. "Shanu ba su ji waccan maganar ba."

Ya juya ya ɗauki igiyar guga.

Alhaji ya gane. Abu ne mai wuya ga mutum irinsa, mai rumfa uku da suna a kasuwa, kuma da yawa a matsayinsa da sun aika da buhun gero ruga su ce an wuce wurin. Ya aika wa Sajo cewa ya zo tasha ranar kasuwar Gangara, ko ba zai tuƙa ba.

Ranar da hantsi tasha ta cika. An gama lodi, buhu ashirin da biyar, mata na neman wurin zama. Sajo ya zo ya tsaya nesa, wajen mai shayi, da sandarsa a kafaɗa. Alhaji ya taka bututun gaban motar ya hau, da ƙyar, Haisam na riƙe da shi.

"Jama'a, ku saurara! Nan na tsaya na tuhumi Sajo da satar mai. Ƙarya na yi mashi. Bai taɓa ɗaukar mani ko ɗigo ba. Motar ce ke sha, ni kuwa na sa ta sha. Wanda ya kai maganar can gidansa, ya kai wannan ma. Wanda ya faɗa wa matarsa, ya koma ya faɗa mata."

Mai lodin da ya ce bai musa ba ya sunkuya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Haisam ya ratsa mutane ya je gaban Sajo ya durƙusa.

"Baffa, ni na kai maganar. Ka yafe mani."

"Tashi, ɗana, ƙasa da datti."

Daga bayan tasha Yahuza ya ɗaga murya. "Kai bawana! Karɓi mabuɗi ka raba mu da waɗannan, kafin su kashe mutane da ƙishirwa a daji!"

"Rufe baki, bawan Fulani," in ji Sajo, aka fashe da dariya.

Ya karɓi mabuɗin. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya duba tayoyi, ya duba yadda bayanta ya zauna. Sai ya kira masu lodi.

"Ku sauke biyar."

Suka dubi Alhaji. Ayarsa ce, kuma kasuwa na da kyau a makon. Leɓensa ya motsa, idonsa na kan gurbin da za a bari.

"Ba ku ji direba ba?" in ji shi. "Ku sauke. Kuma a zuba mata jarka uku."